Haya ko Mallaka: Darajar Gida a Unguwar Sabo ta Ibadan da Gaɓar Tekun Legas a Lokacin Faɗuwar Kasuwar Gidaje

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta yadda faɗuwar kasuwar gidaje ke bayyana a unguwannin bakin teku na Legas da yadda take bayyana a Sabo, tsohuwar unguwar Hausawa ta Ibadan, domin a ga abin da hakan ke nufi ga mai zaɓi tsakanin zama a gidan haya da mallakar nasa. An dogara da binciken Abner Cohen kan Sabo, da dokokin ƙasa da na haya, da alƙaluman da hukumomi suka bayyana kan canjin kuɗi da hauhawar farashi. An gano cewa a bakin teku faɗuwa tana fitowa ne a farashin dala da gidajen da suka rasa 'yan haya, a Sabo kuwa tana fitowa a jinkirin biyan haya da cunkoson ɗakuna da ginin da ya tsaya. Saboda haka ma'aunin farashi da haya shi kaɗai bai isa ya yanke hukunci a Sabo ba, sai an haɗa da sana'ar mai zama, da ƙarfin takardarsa, da inda yake nufin ƙarasa rayuwarsa.

Muhimman kalmomi: Sabo, haya, mallaka, mai gida, gaɓar teku, darajar naira.

1.0 Gabatarwa

Farashin gida yakan yi shekaru yana hawa, sannan ya tsaya ko ya gangaro idan kuɗi suka yi ƙaranci a hannun masu saye. Unguwannin bakin teku sun fi kowane wuri nuna wannan hawa da sauka, domin filinsu ƙayyadadde ne, kuma da yawa daga masu sayensa suna jiran riba ne, ba wurin kwana suke nema ba. Idan kasuwa ta juya, tambayar da ke gaban magidanci ita ce ko ya saya tun da farashi ya sauka, ko ya ci gaba da haya har ƙura ta lafa.

Ibadan, wadda Hausawa ke kira Badun, ba ta bakin teku. Tana da nisan kimanin kilomita 130 daga Legas. Amma kasuwancin Hausawanta, daga shanu da goro zuwa kayan gwari da canjin kuɗi, a ɗaure yake da na Ikko, wato Legas, kuma duk girgizar da ta taɓa naira a can sai an ji ta a Sabo. Wannan ya sa unguwar ta dace a gwada ta da bakin teku, a ga ko shawarar da ake ba mai neman gida a Lekki ta bakin tekun Legas za ta yi wa mai neman ɗaki a Sabo amfani.

2.0 Hanyar Nazari da Ma'anar Kalmomi

Nazarin na kwatance ne, kuma ya tsaya a kan abubuwa uku: tarihin zamantakewar Sabo kamar yadda Cohen ya bayyana shi a littafinsa Custom and Politics in Urban Africa na 1969, da tanade-tanaden doka, da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Babban Bankin Nijeriya. Lissafin da ke sashe na 6.1 misali ne da aka ƙirƙira don fayyace ƙa'ida, ba farashin wani gida ba ne.

Da faɗuwar kasuwa ana nufin lokacin da ciniki ya ragu kuma darajar gida ta sauka, ko da adadin nairar da ake kira bai sauka ba. Ma'aunin farashi da haya kuwa shi ne a raba kuɗin sayen gida da kuɗin hayarsa na shekara. Abin da ya fito shi ne yawan shekarun da haya za ta ɗauka kafin ta mayar da kuɗin saye. Idan adadin ya yi yawa, haya ta fi sauƙi. Idan ya yi kaɗan, saye ya fi.

3.0 Faɗuwar Kasuwa a Bakin Teku

Misalin da aka fi sani shi ne na Amurka. Daga ƙololuwar 2006 zuwa 2012 ma'aunin Case-Shiller ya nuna farashin gidaje ya sauka da kimanin kashi 27 cikin 100 a faɗin ƙasar, a Miami kuwa, da ke bakin teku a jihar Florida, ya sauka da kusan rabi. Dubai ma ta ga irin haka bayan 2008. Abin da ya haɗa su shi ne bashin banki. An sayi gidaje da rance, da masu rancen suka kasa biya sai bankuna suka ƙwace suka fitar da gidajen kasuwa a lokaci guda, farashi ya ƙara rushewa. Mutane da yawa suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi darajar gidan da suke ciki.

Legas ta bi wata hanya dabam. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. A wannan shekara tattalin arzikin Nijeriya ya ragu da kimanin kashi 1.6 cikin 100, kuma a watan Yuni Babban Banki ya saki naira daga 197 a kan dala ta koma wajen 280, a kasuwar bayan fage ma ta kai 500 a farkon 2017. Manyan gidajen Ikoyi da Victoria Island, waɗanda kamfanonin mai da bankuna ke kama wa ma'aikatansu, an saba yanka musu haya da dala. Da kamfanonin suka rage ma'aikata, benaye da yawa suka zauna babu kowa, masu su suka rage haya ko suka karɓi naira.

Duk da haka ba a ga gwanjon gidaje irin na Miami ba, saboda mafi yawan gidajen Nijeriya da kuɗi hannu ake gina su ko a saye su. Wanda banki ba ya bin sa bashi yana iya rufe gidansa ya jira. Don haka farashin da ake kira ya daɗe a tsaye, ciniki ne ya mutu, hasarar kuma ta ɓuya cikin faɗuwar naira. Haka ta sake faruwa bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da haɗe farashin canji a watan Yuni, inda dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024.

Bakin teku yana da wani haɗari da ba na kasuwa ba. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, aka tashi mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000, filin ya zama ɓangaren Victoria Island da Lekki masu tsada. A Yulin 2017 ruwa ya mamaye titunan Lekki da Victoria Island. A 2024 aikin titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba ya ci gine-ginen da ke kan hanyarsa. A irin waɗannan lokuta ɗan haya yakan kwashe kayansa ya yi gaba, mai gida kuwa shi ke zama da asarar.

4.0 Asalin Sabo da Matsayin Gida a Cikinta

Layin dogo ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya kai Kano a 1911, sai fataucin goro zuwa Arewa da na shanu zuwa Kudu ya bunƙasa. Hausawan da ke zaune a cikin gari tare da masu masaukinsu Yarabawa aka ware musu fili a gefen Mokola a 1916, aka naɗa musu Sarkin Hausawa a ƙarƙashin hukumar gargajiya ta Ibadan. Wannan fili shi ne Sabo. Lokacin da Cohen ya yi bincikensa a 1962 da 1963, mazauna unguwar sun ɗan haura 4,000.

Babban abin da binciken ya fito da shi shi ne cewa a Sabo kalmar mai gida tana nufin fiye da mamallakin gini. Mai gida shi ne fatoma, wanda falke ke sauka a wurinsa idan ya kawo shanu ko ya zo sayen goro. Yana ba baƙo ɗaki da abinci da wurin ajiye kaya, yana haɗa shi da dillalansa, yana tsaya masa idan aka ba mahauta Yarabawa shanu bashi. Ladansa yana fitowa daga la'adar ciniki. Ɗakin da baƙo ya kwana a ciki bai kawo kuɗin haya ba, amma shi ya jawo cinikin. Mai ɗakuna da yawa shi ke da baƙi da yawa da yara da yawa, kuma fatake sun fi sakin jiki da shi, domin sun san yana da abin da zai sayar ya biya idan mahauci ya gudu da kuɗi. Da haka rukunin masu gida ƙalilan suka riƙe babban kaso na ɗakunan unguwar, kuma su ne masu faɗa a ji a fadar sarki.

Abu na biyu shi ne cewa ginin na Bahaushe ne, ƙasar kuwa ta Ibadan ce. Cinikin gida yana tabbata ne da shaidar sarki da dattawan unguwa, kuma mai saye daga cikin al'umma yake fitowa. Bayan da dokar ƙananan hukumomi ta 1952 ta kawo ƙarshen mulkin hukumar gargajiya a Yankin Yamma, Sabo ta rasa kariyar da hukuma ke ba ta, sai jama'arta suka ƙara dunƙulewa a ƙarƙashin ɗariƙar Tijjaniyya da masallacin Juma'arsu. Wannan haɗin kai ya taimaka wajen hana gidajen unguwar fita daga hannun Hausawa. Kasuwar gida da ta taso a haka ƙarama ce, rufaffiya, wadda amana ke tafiyar da ita fiye da talla.

5.0 Yadda Faɗuwa ke Bayyana a Sabo

Kasuwanci ya sauya tun zamanin Cohen. Manyan motoci sun karɓe aikin jirgin ƙasa, karar shanu ta koma Akinyele, kayan abinci suna sauka a Bodija da Shasha, Hausawa sun bazu zuwa Ojoo da sauran gefen gari. Sabo ta yi suna da 'yan canji da masu tsire da ƙananan shaguna. Amma filinta bai ƙaru ba, gari ya kewaye ta ta ko'ina, kuma tsofaffin gidajenta da yawa sun zama na gado, magada da dama na da haƙƙi a gida ɗaya. Irin wannan gida ba ya shiga kasuwa sai an yi rabo ko duk magada sun yarda, abin da kan ɗauki shekaru.

Tun da gidan sayarwa ba shi da yawa, babu inda za a karanta faɗuwar farashi kamar yadda ake karantawa a tallan dillalan Lekki. Alamun suna fitowa ta wasu hanyoyi uku. Ta farko jinkirin biya: ɗan hayan da ciniki ya tsaya masa yakan nemi uzuri, kuma da wuya mai gida ya kori wanda suke sahu ɗaya a masallaci, sai maganar ta je gaban dattawa a yi sulhu. Ta biyu cunkoso: buƙatar ɗaki tana ƙaruwa a lokacin ƙunci, domin matasa 'yan ci-rani suna ƙara kwararowa daga Arewa, wanda kuma ya kasa riƙe ciki da falo sai ya koma ɗaki ɗaya. Ta uku tsayawar gini da gyara: a Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, kusan ninkin farashinsa na shekarar da ta gabata, sai ginin da ya kai linta ya tsaya, kwanon da ke yoyo ya jira wata damina.

Saboda haka matsin da ke sauke haya a manyan benayen Ikoyi yana iya ɗaga hayar ɗaki a unguwa irin Sabo. Kasuwannin biyu suna amsa girgiza ɗaya ta fuskoki biyu masu saɓani.

6.0 Lissafin Haya da Mallaka

6.1 Lissafin kuɗi

A ɗauka gida ne na naira miliyan 30, hayarsa miliyan 1.5 a shekara. Ma'auninsa 20 ne, wato yana mayar da kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa kowace shekara, kafin a cire gyara da haraji. A Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100. Wanda ya ranci miliyan 20 a bankin kasuwanci a kan kashi 25 zai biya miliyan 5 kuɗin ruwa kaɗai a shekarar farko, fiye da ninki uku na hayar gidan. Ta wannan fuska haya ta yi wa saye da bashi fintinƙau.

Ga mai kuɗi a hannu lissafin ya bambanta. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, don haka kuɗin da ke ajiye narkewa suke yi, bulo da kwano kuwa suna bin tashin farashi. Sai dai wannan kariya ba cikakkiya ba ce. Gidan miliyan 30 a lokacin da dala take 460 ya kai kimanin dala 65,000. Ko da farashinsa ya ninka zuwa miliyan 60 bayan dala ta kai 1,500, dala 40,000 kawai ya zama. Mai shi yana ganin riba a naira alhali ya yi asarar kusan kashi 40 cikin 100 a dala. Ɗan canjin Sabo ya fi kowa sanin wannan, kuma ga falke akwai ƙarin tambaya: miliyan 30 da aka binne a gini sau nawa za su juya a shekara in da tirelar shanu ko ta albasa aka saka su?

6.2 Ƙarfin takarda

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama, wanda satifiket ke tabbatarwa, galibi na shekara 99, kuma sayarwa ko jinginarwa na buƙatar amincewar gwamna. Gidan da hujjarsa ita ce takardar ciniki da shaidar dattawa yana da ƙarfi a cikin unguwa, amma banki ba ya karɓarsa jingina, kuma idan hukuma ta zo faɗaɗa titi, diyyarsa kan zama abin jayayya. Wanda ya fita gefen gari neman fuloti kuma yana iya karo da 'yan gidan masu ƙasa, waɗanda Yarabawa ke kira omo onile, inda akan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko a nemi ƙarin kuɗi a kowane matakin gini.

Ɗan haya ma da nasa nauyin. Al'adar biranen Kudu ita ce a biya hayar shekara tun kafin a shiga, ga kuɗin ejan ga na yarjejeniya. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga hukuncinta. Haya a nan ita ma jari take nema a dunƙule, ko da yake bai kai na saye ba.

6.3 Bashi da riba

Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, kuma yana ba da rancen gida a kan kashi 6 cikin 100 har tsawon shekara 30. A misalin da ya gabata, kuɗin ruwan miliyan 20 zai zama miliyan 1.2, ƙasa da haya. Amma tsarin ya fi dacewa da mai albashi da takardar fili mai rajista, kuma mafi yawan mutanen Sabo 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu. Ga kuma haramcin riba, wanda ke hana da yawa kusantar kowane rance mai kuɗin ruwa. Bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin ijara, inda banki ke sayen gida ya ba mutum haya har ya mallaka, sai dai su ma suna neman takarda da tabbacin samu. Hanyar da ta fi yawa ita ce ta da: adashi da ribar ciniki, a sayi fuloti bana, a yi harsashi baɗi, a hau gini a hankali.

6.4 Haɗarin zama da gidan asali

Ibadan ta san ambaliya, kamar ta kogin Ogunpa a 1980 da ta Agustan 2011. Amma abin da ke maye gurbin teku a lissafin Bahaushen kurmi shi ne rikici. A Fabrairun 2021 faɗa ya ɓarke a kasuwar Shasha, aka ƙona shaguna da gidaje, mutane da yawa suka bar wurin. Irin wannan yana rage wa gidan baƙo daraja a inda Hausawa ba su da yawa, yana kuma ƙara wa ɗakin Sabo kima, domin nan ne ake ganin mafaka.

Daga nan zaɓin ya zama uku. Mutum na iya haya a Sabo kusa da sana'arsa, ko ya sayi fuloti a gefen gari wajen Ojoo ko Moniya, inda tashar sabon jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan da aka ƙaddamar a Yunin 2021 ta jawo hankalin masu fili, ko kuma ya zauna a haya a Ibadan ya gina nasa a Kano ko Katsina ko Sakkwato. Zaɓi na uku ya yi daidai da karin maganar da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗan ci-rani da iyalinsa ke Arewa yana iya zama ɗan haya a Badun kuma mai gida a garinsu a lokaci guda. Wanda ya yi kaka-gida, aka haifi kakansa a Sabo, 'ya'yansa na jin Yarabanci kamar Hausa, ba shi da wani gari da zai koma, don haka mallaka a Ibadan ta fi masa ma'ana ko da lissafin naira bai goyi bayanta ba.

7.0 Kammalawa

Kwatancen ya nuna cewa faɗuwar kasuwar gidaje tana ɗaukar siffar tsarin da aka gina kasuwar a kai. Inda bashin banki ya yi yawa, kamar Miami, tana zuwa da gwanjo da rushewar farashi. Inda ake saye da kuɗi hannu ana auna daraja da dala, kamar Ikoyi da Lekki, tana zuwa da benaye babu kowa da asarar da faɗuwar naira ke lulluɓewa. A Sabo, inda gida ya taso a matsayin kayan aikin fatauci kuma gado ya ɗaure shi, tana zuwa da bashin haya da cunkoso da tsayawar gini. Ma'aunin farashi da haya yana da amfani a Sabo ne idan an ƙara masa tambayoyi huɗu: ribar da kuɗin za su kawo a cikin ciniki, cinikin da ɗakin kansa ke jawowa, ƙarfin takardar da ke hannu, da tsawon zaman da mutum ya ƙudurta. Ga falken da jarinsa ke juyawa kuma iyalinsa na Arewa, haya ta fi dacewa. Ga haifaffen unguwa mai kuɗi a hannu da takarda ingantacciya, mallaka ta fi. Abin da zai faɗaɗa zaɓin duka biyun shi ne sauƙaƙa rajistar tsofaffin gidajen gado da samar da tsarin ijara da zai karɓi ɗan kasuwar da ba shi da takardar albashi.